Fatar Aska

Ran Lahadi, kasuwar Tawa ta cika ta batse,
na bar rumfa a hannun yaro,
na gangara layin dukawa da jika biyu a aljihu.
Tsohuwar fatata ta gama nata:
shekara sha tara a ƙusa guda,
ta yi baƙi, ta lotsa a tsaka kamar dutsen niƙa.

Nomau bai ɗago kai ba.
Da basilla a baki ya ce, “Ta mi?”
Na ce ta aska.
Ya ture jar akuya gefe,
wai waccan ta masu ado ce, miƙewa take,
ya jawo gadon bayan bijimi daga ƙarƙashin tabarma,
jimar bagaruwa,
ba tabon kaska, ba lalas ɗin makiyayi.
Ya ce, “Rufe ido ka shafa.
Ido bai san fata ba, tafin hannu ne alƙali.”

Faɗin yatsa uku, tsawon kamu ɗaya,
zoben ƙarfe a kai.
Muka yi ta ja har aka kira azahar,
ya sallama jika biyu da aski uku kyauta.
Na haɗiye dariya:
kan Nomau sanƙo ne tun daga goshi har ƙeya.

A ranar na yanke ta.
Garaje ne. Na juya aska ta baki,
sai ga ƴar tsaga kamar shasshawa a kunci.
Na ji muryar Baba Arzika daga inda yake kwance:
“Baya ke gaba, baki na biye, ɗan nan!
Dutse ke cin ƙarfe.
Fata lallashi take yi.”
Na goge tsagar da gindin kwalba
har ta kwanta, amma ba ta ɓace ba.
Tana nan. Babban yatsana ya san wurin.

Da asuba, kafin ruwa ya yi zafi,
nakan murza ta da tafi har ta yi ɗumi,
maiƙon hannu ya ishe ta kwana da kwanaki.
In ta fara bushewar leɓe,
man shanu kamar ƙwayar gero biyu, shi ke nan.
Ba a naɗe ta, ba a barin ta a rana,
da damina nesa da bangon da ke gumi.

Na taɓa yin zari, na labta mata man gyaɗa
don ta yi sheƙi a idon mutane.
Ɓera ya gode.
Na wayi gari wutsiyarta ta ragu da taƙi,
aska kuma na santsi a kai, ba ta kamawa.
Kwana tara ina tsotse man da toka da tsumma.

Yanzu ƴan likita sun zo sun yi bayani:
kai ɗaya, reza ɗaya, a jefar.
Ban musa ba, na ga abin da suka gani.
Kwalin reza na nan cikin zabira.

Amma ran Juma'a da hantsi
Alkasum na Bilbis yakan iso da sandarsa,
ya kwance tasa askar daga cikin ƙyalle,
wadda ba ta taɓa hawa kan kowa ba sai nasa.
In ɗaure fata a ginshiƙi, in ja ta ta miƙe,
shap, shap, sau talatin,
shi ko ya lumshe ido yana ƙirgawa.
In na tsaya a ashirin da takwas
sai ya ce, “Saura biyu, wanzam.”

Nomau ma ya zo karɓar bashinsa.
Ya zauna, ya miƙo gemu.